Hula a Bakin Majigi

Litinin, 5 ga Nuwamba, 1956

Takarda ta zo daga Mai Tabarau, Baturen da ke zagaya majami'unmu daga Kano. Wai zai kawo majigi nan Gidan Tsamiya ran Asabar, sha bakwai ga wata, labarin farkaswar wata ikilisiya, a nuna wa masu bi da matansu da 'ya'yansu. Amma sai ni Ɗanasabe na fara gani da idona, tunda ni ne mai bisharar garin, ni kaɗai kuma nake tsintar Turanci, in faɗa masa ko ya dace da iyali. In ya dace, ni ne kuma tafinta. Dawa na tsaye a gona, tsuntsaye sun mai da ita tasu, ni kuwa an ba ni aikin kallon bango. To, madalla.

Talata, 6 ga Nuwamba

Yaron nan zai tafi Riruwai haƙar kuza. Ran Laraba, ashirin da ɗaya ga wata, a motar da ke tashi daga Ƙafin Maiyaki. Ba daga bakinsa na ji ba. Matata uwar Talatu, wadda ta haife shi, ita ce ta gaya mini, ita ma a bakin rijiya ta tsinta, kamar labarin ɗan wasu.

Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Haka muka tashi muka tarar. Da aka yaye shi tsohona ya ɗauke shi, ya rene shi a can tsohon gida shekara goma sha takwas. Tsoho ya rasu da bazara, yaro ya dawo hannuna gemu na tsiro masa. Malam yake ce mini, kamar kowa. Wanda yake ce wa Baba yana kabari.

Mutum biyar na sani da suka tafi kuza daga nan. Ɗaya ne ya dawo, shi ma da tari.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Na ce da uwar Talatu ta tambaye shi me aka yi masa a gidan nan. Ta ce ita da ko ido ba ta iya haɗawa da shi? Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Malam, ai ka sani. Garayar nan ce."

Garaya kuma. Wata biyar ana abu ɗaya. Tsohona makaɗin garaya ne na 'yan bori, har ya mutu bai karɓi bishara ba. Yaron ya zo da ita a kafaɗa, ya kafa ƙusa ya rataye ta a ɗakinsa, a gidan mai bishara, bango ɗaya da majami'a. Mutane su ce me? Ni da nake tsayawa kowace Lahadi ina cewa a kawo layu da guraye a ƙona? Ran da muka ƙona na gidan Dattijo Sale, babban dattijon majami'armu, na shiga ɗakin yaron yana gona, na ɗauko ta na jefa a wutar. Daidai na yi. Ko gobe aka tambaye ni, daidai na yi.

Ya dawo ya ga ƙusa ba komai. Ya je ya yi ta tona tokar da kara. Tun daga ranar gaisuwar safe ce kaɗai ke haɗa mu.

Lahadi, 11 ga Nuwamba

Na yi wa'azi mai zafi a kan biyayya ga iyaye. Wanda na yi dominsa yana bakin rafi yana wankin kayan tafiya.

Talata, 13 ga Nuwamba

Sun iso da hantsi, Mai Tabarau da direbansa Isa, wanda shi ne kuma mai juya majigin. Isa Musulmi ne, mutumin Bebeji. Ya ce ya kalli abin nan sau goma sha ɗaya, har ya san inda kowa zai yi tari. Muka toshe tagogin majami'a da tabarmi, aka tada inji a waje, kajin unguwa suka watse. Ni da Dattijo Sale muka zauna a benci cikin zafi kamar masu jiran magani.

Faifai uku ne, kowanne a gwangwaninsa. Na farko ba laifi. Wani gari ne da majami'arsa ta yi sanyi, maza na gyangyaɗi lokacin wa'azi, mata na gulma a bakin ƙofa. Sale ya ce ashe har can. A na biyu wani baƙon mai wa'azi ya zo, zukata suka motsa, wani ya mayar da gatarin da ya ara shekara uku, wata ta fasa tukunyar giyarta a tsakar gida. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina ga abin da mutanenmu ke bukata.

Na uku ne ya ɓata komai. Wani dattijon majami'a mai furfura ya kori ɗansa na fari daga gida a kan zargin satar akuya, ashe akuyar rami ta faɗa. Da farkaswa ta zo, sai ya miƙe a tsakiyar taro, gaban mata, gaban yara, ina jin har gaban surukansa, ya kira yaron da sunansa. Da sunansa, har sau uku. Ya taka ya je ya durƙusa masa, ya kama ƙafarsa yana kuka da majina, wai a gafarta masa. Suka rungume juna kamar 'yan kokawa. Da ma Turawa ne, sai in ce halinsu ne. Baƙaƙe ne wuluk kamar mu, daga wata ƙasa can gabas. Wa ya rene su, oho.

Sale ya sunkuyar da kai yana ta tir. Ni kuwa zufa ta jiƙa mini riga sharkaf. Zafin ɗakin ne.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Na gaya wa Mai Tabarau gaskiya. Biyun farko sun dace, na ukun bai dace da gidan mai bi ba. A nan uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya durƙusa masa a bainar jama'a. In yaranmu suka ga haka, wa zai ƙara aiken ɗansa ya je? Ya gyara tabarau ya ce da Hausar nan tasa ta hanci, "Malam Ɗanasabe, kunya ce ko girman kai?" Ji mini mutum. Shekara takwas a ƙasar nan bai san bambancin tuwon dawa da na gero ba, shi zai koya mini kunya.

Na ce a tsaya a na biyu. Ya ce ba a barin labari a tsakiya. Na ce a sa almakashi a yanke wurin. Ya ce aro ne, daga nan Tudun Wada za shi, daga can Doguwa. To don me ya tambaye ni tun farko? Ya ce in yi addu'a a kai. Kullum in ya rasa amsa sai ya ce in yi addu'a a kai.

Isa ne ya ba ni mafita. Ya ja ni bayan mota ya ce a da, lokacin da yake yawo da wasu masu majigi, in aka zo wurin da bai kamata mata su gani ba, tafin hannu ake sawa a bakin gilashin har a wuce. "Minti huɗu ne, Malam. Ni dai ba zan sa ba, ina son aikina. Kai ka san hularka."

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Yankan dawa tun safe, ni da yaron nan. Shi a wancan bakin gona, ni a wannan, muna matsowa har muka haɗu a tsakiya, sai kowa ya juya. Ya iya aiki, wannan ba a hana shi ba. Yadda yake riƙe lauje da yadda yake ɗaure dami, tsoho sak. Yana yi yana wani guɗa a maƙogwaro, bai san ina ji ba. Na san kiɗan. Na yi tari da ƙarfi, ya daina.

Da yamma uwar Talatu ta tambaye ni me ke cikin majigin. Na ce ba na mata ba ne. Ta ce ai matar Sale ta riga ta gaya wa matan zumunta duka cewa akwai tsoho mai kuka. Dattijon majami'a ke nan, bakinsa kamar rariya.

Juma'a, 16 ga Nuwamba

Na wuni ina bitar maganganun a raina. Ran da aka fara sa ni tafinta na yi alkawari a gaban ikilisiya ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. To in na rufe gilashi na yi shiru, ban ƙara ba, ban kuma rage ba, ba abin fassarawa ne kawai. Na juya maganar ta ko'ina, ban ga zunubi a ciki ba.

Saura kwana biyar motarsa.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Tun la'asar ake ɗurowa. Masu bi daga ƙauyuka uku, da mai unguwa Jibrin da mutanensa, har Fulanin rugar Hamman da sandunansu. An ce na iyalan masu bi ne, wa ya gayyaci duniya? Na sa tsohuwar hulata, ba zan ɓata sabuwa ba.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

Ban so rubuta wannan ba. Amma in ban rubuta ba, uwar Talatu za ta riƙe nata labarin ya zama shi ne gaskiya.

Rana na faɗuwa aka ɗaura farin ƙyalle a bangon majami'a ta waje. Maza a dama, mata a hagu, yara a ƙasa can gaba. Ni ina tsaye kusa da majigin, Isa ya rage muryar Turancin don a ji ni. Yaron nan bai zauna ba. Na hango shi can baya, jingine da tsamiya, hannu a harɗe.

Biyun farko sun tafi lafiya lau. An sha dariyar masu gyangyaɗi, har ana nuna Sale da baki. Da aka fasa tukunyar giya wasu maza suka yi tsaki. Na gane muryoyinsu, na kuma riƙe.

Aka sa na uku. Aka ga akuya, aka ga korar yaro, mata suna ta wayyo. Da tsohon ya miƙe tsaye a cikin taro, na cire hula na kifa a bakin gilashin. Bango ya yi baƙi ƙirin.

Abin da Isa bai gaya mini ba, ni ma wautata ba ta tuna ba, shi ne hula ba ta toshe murya. Ga duhu, ga tsoho yana kuka a cikin akwatin magana, yana kiran suna, yana shessheƙa kamar ana zare masa rai. Da gani suka yi ma da ya fi sauƙi. Wuri ya rikice. Wani ya ce inji ya mutu. Wata ta ce kashe tsohon ake yi. Yara suka fara kuka. Mai unguwa Jibrin ya ce, "Malam, hularka ce fa." Hular kuwa ta fara ƙauri a hannuna.

Sai na ji muryar uwar Talatu daga cikin mata, matar da ba ta taɓa ɗaga murya a taro ba. "Malam, in ba za mu gani ba, to faɗa mana. Ai kai ne tafinta."

Ya zan yi? Mutum kusan ɗari biyu suna jira. Na ce bari in faɗa a gajarce, a bushe, a wuce wurin. Na ce tsohon yana roƙon ɗansa ya yafe masa. Wani daga cikin maza ya ce a'a, da bakinsa, yadda ka yi ta yi tun ɗazu. Gaskiyarsa, tun farko da bakin kowa nake magana, in mace ce in ce ni, in tsoho ne in ce ni. Sai na fara. Ɗana, na yi maka laifi. Ɗana, ban tambaye ka ba, na yanke hukunci ni kaɗai. Ba mai ganin fuskata, ni ma ba na ganin ta kowa, maganar sai ta yi ta zuwa da kanta har ta wuce ta tsohon. Na ji kaina ina cewa, ita kaɗai kakanka ya bar maka, na shiga ɗakinka ba ka nan, na ƙona maka garayarka.

Akuya ce a majigin. Kowa ya ga akuyar da idonsa, fara mai baƙin kunne.

Hular ta ƙona mini yatsa na sake ta, haske ya koma bango daidai inda uba da ɗa suke rungume da juna, abin da na yi asarar hulata don kada a gani. Na waiwaya gindin tsamiya. Ba kowa.

Da aka tashi Mai Tabarau ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, wai bai taɓa jin tafinta irina ba. Bai ko ambaci hula ba. Sannan ya ce, "Mene ne garaya?" Isa ya juya baya yana naɗe waya, kafaɗunsa na rawa.

Wa'azin yau bai kai minti goma ba. Ba wanda ya yi gyangyaɗi, duk sun zuba mini ido kamar sabon ango. Haushi ya hana ni cin tuwo.

Litinin, 19 ga Nuwamba

Gari ya ishe ni. Tsofaffin mata suna gaishe ni a hankali kamar wanda ya tashi daga ciwo. Wani ya mayar wa Sale da galmarsa ta shekara biyu, ya ce majigi ne ya sa shi. Sale ya karɓi galma, sannan ya zo ya ce mini na zubar da girman dattawa, gobe 'ya'yansa za su jira ya durƙusa musu. Na ce kuskuren baki ne, gajiya ce da ƙaurin hula. Ya ce to Allah ya sa.

Mai Tabarau ya koma Kano. Ya ce in rubuto masa ra'ayina a takarda kafin su wuce Tudun Wada, in ya so in na ce a bar na ukun, a wannan karon zai bari. Yanzu da aka gama da ni.

Yaron nan ya gaishe ni da safe kamar kullum. Ba ƙari, ba ragi. Na leƙa ɗakinsa, ƙunshin kayan na nan a ɗaure, ƙusar ma na nan.

Talata, 20 ga Nuwamba

Na ce da uwar Talatu, to ga shi na faɗa, gaban duniya ma, me kuma yake jira? Ta ajiye muciya ta dube ni. "A duhu ka faɗa, Malam, kuma da bakin wani tsoho. Taro ka gaya wa. Shi ba ka ce masa komai ba." Na ce tun yaushe ta zama mai bishara? Ta ɗauki muciyarta. Shekara ashirin da biyu muna tare, sai bana bakinta ya buɗe, duk albarkacin majigi. Wai kuma ana tambayata ko ya dace da iyali.

Na fita don kada in faɗi wata magana. Na zaga bayan gida inda duma ya yaɗu a kan dangar, na ga wani dogo mai kyan ciki, na yanke shi na ɗora a kan rumbu. Muna bukatar abin ɗiban ruwa.

A kan garayar nan na koyi kiɗa ina ɗan shekara bakwai, tsoho yana riƙe da yatsuna. Ban taɓa gaya wa kowa ba, da ta kama wuta tsirkiyar ta tsinke ta yi wata ƙara, na ji ta har cikin haƙorina.

Gobe motar.

Laraba, 21 ga Nuwamba

Rana ta ɗan ɗaga ya fito da ƙunshinsa a kafaɗa. Ina zaure ina wasa laujen da na riga na wasa jiya. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Malam, zan tafi." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗan jira. Na ci gaba da lauje. Ya tashi ya fita.

Na bi bayansa ne don in ja ƙyauren zaure saboda awaki. Ya kai wajen rijiya, mata cike, rana tar, ba duhu, ba hula. Sai na kira shi da sunansa. Muryar ta fito a shaƙe kamar ta zakara mai mura, bai ji ba, dole na sake da ƙarfi. Wata ta saki guga a rijiya. Ya tsaya cik, bai juyo ba.

Ban durƙusa ba, a san da wannan. Ban kama ƙafar kowa ba, ba a kuma rungumi kowa ba. Na taka na je na ce masa abin da na faɗa ran Asabar ba kuskuren baki ba ne, nawa ne, ya yafe mini. Na ce akwai duma a kan rumbu, in ya bushe a yi wata garayar, sai dai na manta yadda tsoho yake sa wuyan. Can ya ce, "Ba da wuya ake farawa ba. Fata ake fara nema." Bai ce Malam ba. Bai sa wani abu a madadinsa ba, amma bai ce Malam ba.

Mota ta tafi. Ya ce sai an gama sussuka tukuna ya ga yadda ta yiwu. Dawar ce ta tsayar da shi, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Inda za a rataye abin in an gama shi kuwa, ba dai a bangon majami'a ba. Za mu yi wannan rigimar in mun kai.

Na rubuta wa Mai Tabarau. Na ce ina nan a kan bakana, kukan ya yi yawa, durƙuson kuma bai kamata ba. Amma a kai shi Tudun Wada haka nan, duka ukun, kada kowa ya sa masa hula.

Gobe da sassafe za mu gonar gabas, ni da ɗana Balarabe.